Babi na Bakwai: Wanda Ake Turawa Gaba

A ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, tun daga ƙasar Batsari har zuwa Runka da Zakka a ƙasar Safana, akwai wani aiki da ba a shelar neman masu yinsa, ba a ba da takardar kama shi, ba kuma wanda ya san ranar ajiye shi. Aikin ɗan sa-kai ke nan. Idan aka ji rugugin babura da tsakar dare, mata da yara da tsofaffi suka bazama cikin gonaki da kwazazzabai, shi ne wanda zai rataya bindigar toka ya nufi wajen da ƙarar take fitowa. Ra'ayin mutane a kansa ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da gawarwakin da zai nuna. Wasu na ganin ba don shi ba da tuni garuruwa da yawa sun zama kufai, wasu kuma na ganin shi ne ya hura wutar da ta cinye yankin. Hujjar wannan babi ita ce dukkan maganganun biyu suna kewaye abu guda ne ba su taɓa shi ba. Irin wannan mutum yana fitowa ne a duk inda mai hukunci ya janye hannunsa, kuma jama'ar da ta tura shi gaba tana sayen barcinta ne da jikinsa da hankalinsa, ba tare da ta tanadar masa komai na ranar da zai gaza ba.

Zaman bakin daga ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, zuriyar tsoffin sarakunan suka yi arewa suka kafa Maraɗi, kuma kusan ƙarnin gaba ɗaya an yi shi ana kai wa juna hari ta cikin wannan daji. Ruma, wadda hakimin Batsari ke riƙe da sarautarta har yau, gari ne na mayaƙan kan iyaka, kuma sunan mayaƙin nan Ɗanwaire bai ɓace daga bakin mutanen yankin ba. To amma mayaƙin wancan zamani yana da uban ɗaki. Akwai wanda ya ba shi doki, akwai wanda zai ce masa fita ko dakata, akwai wanda zai tuhume shi idan ya wuce gona da iri, kuma idan ya faɗi a fagen fama an san gidan da zai ɗauki nauyin iyalinsa. Ɗan sa-kai na yau ya gaji jaruntar da kirarin da layun, bai gaji wannan rumfa ba. Ya ma bambanta da ɗan banga, wanda yake da ƙungiya mai rajista da kaki da ofis, wanda baturen 'yan sanda na yankin ya san shugabansa. Shi ɗan sa-kai, yawanci abin da ya shigar da shi aikin wani rashi ne: an kore shanun noman gidansu, ko an kashe mahaifinsa a gona, ko an sayar da gonar gado an biya kuɗin fansar ƙanwarsa. Gari ya yi karo-karo ya saya masa albarushi da man babur, dattawa su sa masa albarka, daga nan ya zama mutumin da ake buga wa ƙofa.

Domin a ga yadda irin wannan rayuwa take farawa da yadda take ƙarewa, yana da amfani a leƙa wani wuri mai nisa inda aka yi ta a bainar jama'a, aka kuma rubuta komai nata. A Kanada da arewacin Amurka ana wasan hoki a kan ƙanƙara. 'Yan wasa shida-shida ne a fili, suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kowa da sanda a hannu, suna korar wani ɗan faifan roba zuwa raga da gudun da ya fi na mai tsere da ƙafa. Wasa ne da aka halatta bangaza a cikinsa, kuma babbar gasarsu, NHL, tun 1922 ta tsayar da cewa wanda ya yi dambe a fili ba korarsa za a yi ba, minti 5 kawai zai zauna a waje ya dawo. A ƙwallon ƙafa naushi ɗaya jan kati ne. A can kuwa alƙalan wasa sukan ja baya su bar mutum biyu su zubar da safar hannu su daki juna har sai ɗaya ya faɗi. Daga wannan sassauci aka sami sana'ar mai tare faɗa, wato ƙaton da kulob ke ɗauka ba don ya iya cin raga ba, sai don duk wanda ya taɓa gwanin kulob ɗin ya san zai gamu da shi. Wayne Gretzky, wanda ya fi kowa tara maki a tarihin gasar, ya yi yawancin shekarunsa na kulob ɗin Edmonton ne a inuwar Dave Semenko, mutumin da har ya yi damben nuni da Muhammad Ali a 1983. Da aka sayar da Gretzky ga kulob ɗin Los Angeles a 1988, an haɗa da wani mai tare masa faɗan, Marty McSorley, a cikin cinikin.

Hujjar da masu kare wannan al'ada suka yi shekaru suna kafawa ita ce hujjar da za ka ji a kowace majalisa a Batsari. Alƙali ba ya ganin komai, in ji su, kuma ko ya gani hukuncinsa ba ya tsorata mugu, saboda haka dole a sami wanda mugu zai ji tsoro. Suna cewa kasancewar ƙaton ita ke hana a karya gwani, don haka faɗan da yake yi rage faɗa yake yi. Maganar tana da daɗin ji, amma tarihin gasar bai gaskata ta ba. Kulob ɗin Philadelphia ya ci kofin gasar, wato kofin Stanley, a 1974 da 1975 da tsoratarwa, inda ɗan wasansu Dave Schultz ya tara minti 472 na horo a kaka guda, adadin da ba a karya ba har yau. Darasin da sauran kulob suka ɗauka shi ne kowa ya nemo nasa ƙaton, wanda ya fi na maƙwabci girma. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 ana samun fiye da dambe guda a kowane wasa idan aka raba daidai. Aikin ma ya sauya kama, domin ƙattin sun koma dukan junansu ne kawai, wani lokaci tun a sakan na farko, ba tare da an taɓa kowane gwani ba. Bashin gaba kuma ya riƙa tsallakawa daga wasa zuwa wasa. A 2000 McSorley ya maka wa Donald Brashear sanda a kai, kotu a Vancouver ta same shi da laifin kai hari da makami. A 2004 Todd Bertuzzi ya naushi Steve Moore ta baya don ramuwar abin da Moore ya yi wa kyaftin ɗinsu makonni kafin nan, ya karya masa ƙasusuwan wuya, Moore bai sake buga wasa a gasar ba.

Wanda ya bi labarin Arewa maso Yamma tun daga 2011 ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Tsaron kai ya fara ne da korar ɓarayin shanu, amma da yake babu kotun da ake kai wanda aka kama, sai mai kamu ya zama shi ne alƙali, shi ne hauni. Da yake kuma babu bincike, sai kamanni da harshe suka maye gurbin shaida, Bafillacen da ya shigo kasuwa sayen gishiri ya zama abin zargi. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa a kan zato ya koma daji ya sayi bindigar da ta fi ta toka, ya dawo ya huce a kan garin da bai san hawa ba bai san sauka ba. A watan Afrilun 2014 'yan bindiga suka afka wa taron 'yan banga da 'yan sa-kai a 'Yargaladima ta ƙasar Maru a Zamfara, aka kashe fiye da mutum 100. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa a Sakkwato, cikin kwanaki kaɗan aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo aka kashe fiye da 40, gwamnan jihar na lokacin, Aminu Tambuwal, ya haramta ayyukan 'yan sa-kai. A Batsari kanta, daren 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, yawancinsu mata da yara da tsofaffin da ba su iya gudu ba, kuma sanarwar da ta fito daga fadar shugaban ƙasa ta ɗauki abin a matsayin ramuwar gayya, tana gargaɗin jama'a su daina yanke wa wanda suka kama hukuncin kisa, su miƙa shi ga hukuma. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma a nan kusan kullum a kan wanda ba ya riƙe da makami take sauka.

Mai karatu zai iya tsayar da ni a nan ya ce kwatancen bai dace ba, har ma akwai rashin ta-ido a cikinsa. Can wasa ake yi, mutum ya sa hannu a kwantiragi da son ransa, ana biyansa daloli, in ya gaji ya ajiye sandarsa ya tafi gida. Nan kuwa rai ne, ba wanda ya zaɓi a haife shi a bakin Rugu, kuma abokin karawar ba ɗan wasa ba ne, mai kisa ne da fyaɗe da garkuwa da mutane. Wannan gaskiya ne, kuma ba na daidaita ɗan sa-kai da ɗan bindiga, ba na kuma daidaita jinin Tsauwa da jinin filin wasa. Abin da ake kwatantawa shi ne tsarin da ke haifar da aikin, wato mai hukunci ya sassauta, masu ruwa da tsaki su ɗora wa wani saurayi nauyin da doka ta kasa ɗauka, ɗaya ɓangaren shi ma ya yi haka, abu ya yi ta hauhawa. Bambancin da mai suka ya kawo ƙara wa hujjar nauyi yake yi. Idan a wurin da ake da likitoci da lauyoyi da ƙungiyar 'yan wasa da albashi mai tsoka wannan aiki ya cinye masu yinsa, me ake tsammani zai yi wa wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki?

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba ta amsuwa da fatar baki. Manomin Batsari zai ce: kun ce a miƙa ɓarawo ga hukuma, to wace hukumar? A watan Mayun 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yargamji, mutanen yankin suka ɗauko gawarwakin a mota har cikin birnin Katsina don masu mulki su gani da idonsu. A watan Afrilun 2020 aka kashe mutum 47 a dare ɗaya a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, kuma 'yan sandan ba su kai 400,000 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, ga shi an jibge da yawansu a birane da gidajen manya. Ƙauyen da motar jami'an tsaro ba za ta iso shi ba sai gari ya waye, kuma wanda aka kama aka miƙa jiya aka gan shi a kasuwa jibi, ba za a yi masa wa'azin haƙuri ya saurara ba. Akwai garuruwan da suka tsaya da ƙafafunsu saboda samarinsu sun ƙi gudu, kuma duk wanda ya musanta haka bai yi wa waɗannan samari adalci ba. Na yarda da wannan duka. Sai dai yarda da cewa an tilasta wa mutane abu dabam ne da cewa abin da aka tilasta musu shi ne mafita. Kuma mai wannan suka, in ya bi maganarsa har ƙarshe, zai iso inda nake: idan da gaske waɗannan samari ne suka yi aikin da hukuma ta gaza yi, to hukuma da jama'a suna da bashinsu a wuya, kuma ba a fara biya ba.

Girman bashin ana ganinsa a rayuwar Derek Boogaard. An haife shi a 1982 a lardin Saskatchewan na Kanada, ɗan wani ɗan sanda. Yaro ne mai kunya wanda girman jikinsa ya yi wa shekarunsa yawa, kuma masu farautar 'yan wasa sun lura da shi ne yana ɗan shekara 15, ranar da ya fusata ya afka wa bencin abokan karawa. Tun daga ranar aka nuna masa cewa ƙofa ɗaya ce zai bi ya kai babbar gasa, ita ce ta dunƙulen hannu. Ya kai mita 2 a tsayi. Ya buga wasa 277 a NHL, ya ci raga sau 3 kacal, ya tara minti 589 na horo. A 2006 ya farfasa wa Todd Fedoruk ƙashin kunci da naushi ɗaya har sai da aka sa masa ƙarfe a fuska, daga baya kuma su biyun suka zama abokan kulob ɗaya, suka yi zumunci, domin dama ba gaba ce tsakaninsu ba, aiki ne aka ba kowannensu. A 2010 New York Rangers ta ɗauke shi a kan dala miliyan 6.5 na shekara 4. A watan Disambar shekarar ya sha bugu a kai a wani dambe a Ottawa, bai sake wasa ba. Ranar 13 ga Mayun 2011 aka tsinci gawarsa a Minneapolis yana da shekara 28, giya da ƙwayar kashe raɗaɗi sun haɗu sun kashe shi. Mahaifinsa ya bi diddigi ya tattara takardun magani fiye da 100 da likitocin kulob-kulob suka rubuta masa. Da masana a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa, suka tarar da ciwon nan na lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan bugun kai ke jawowa, wanda ake kira CTE, ya yi nisa fiye da yadda ake gani a mai shekarunsa. Kafin watan Agustan shekarar ya ƙare, wasu masu tare faɗa biyu, Rick Rypien mai shekara 27 da Wade Belak mai shekara 35, su ma sun mutu. A 2023 likitocin Jami'ar Kolumbiya suka bi bayanan 'yan wasa fiye da 6,000, suka gano cewa a cikin waɗanda suka rasu, masu tare faɗa sun riga takwarorinsu mutuwa da kimanin shekara 10, kuma kisan kai da wuce kima a shan ƙwaya sun fi yawa a cikinsu.

Tsoffin masu wannan sana'a da suka yi magana daga baya sun fi ambaton tsoro a kan ciwon jiki. Mutum ya duba jadawali ya ga wanda zai kara da shi mako mai zuwa, barci ya ƙaurace masa, ga shi ba shi da ikon nuna wa kowa, domin ranar da aka ga tsoro a idonsa ranar aikinsa ya ƙare. Ɗan sa-kai yana ɗauke da irin wannan kaya ninki-ba-ninki. Dare na sintiri ne, rana kuma gonarsa ce ta fi ta kowa haɗari, saboda infoma ya riga ya kai sunansa da kwatancen gidansa daji. Ba kowace kasuwa zai ci ba, ba kowace hanya zai bi ba. Maganin bindiga da maganin ƙarfe da aka ba shi sun ɗaure shi da wani alkawari na daban, domin wanda gari ya yarda harsashi ba ya huda shi ba shi da bakin cewa yau ba zan fita ba. Ya ga gawar abokinsa, wataƙila kuma hannunsa ya taɓa jinin wanda daga baya ya gane ba shi da laifi, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa. Ƙwayar tiramol ba wuyar samu take yi ba, asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Kaduna da Dawanau kuwa sun yi wa mutumin Runka nisa, ga kuma abin kunyar da ake ɗora wa mai zuwa can. Boogaard ya sami wanda ya buɗe ƙwaƙwalwarsa ya gaya wa duniya abin da aikin ya yi masa. Namu idan ya fara zabura cikin barci ko dukan iyali, cewa ake yi maganin da ya sha ne ya juye masa.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin biyu shi ne halin masu amfana da aikin. Hukumar NHL ta yi shekaru tana cin ribar damben da ke cika mata filaye, amma shugabanta Gary Bettman ya sha nanata cewa ba a tabbatar da alaƙa tsakanin wasan da ciwon CTE ba. Da tsoffin 'yan wasa fiye da 300 suka kai ƙara, an sasanta a 2018 a kan abin da bai kai dala miliyan 19 ba, kowa ya tashi da kimanin dala 22,000, hukumar kuma ba ta amsa laifi ba. A Katsina an yi ta juya ɗan sa-kai kamar waina a tanda. Ranar 1 ga Agustan 2019 gwamnonin yankin suka zauna da Sufeto Janar na 'yan sanda a Katsina, suka haramta ayyukansa, suka yi wa 'yan bindiga tayin afuwa. A watan Satumba Gwamna Aminu Bello Masari ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daji, har da Safana da Batsari, yana zaman sulhu da mutanen daji da bindigoginsu a kafaɗa. A tsakiyar 2020 ya ce sun ci amana, ba zai sake zama da su ba. A watan Agustan 2021 shi da kansa ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. Cikin shekara biyu mutum ɗaya ya tashi daga mai laifi ya koma abin koyi, alhali aikinsa bai canja ba, matsayinsa a gaban doka ma bai canja ba. Da sulhun ƙananan hukumomi ya sake dawowa a 2025 a Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, hanyoyi sun buɗe, manoma sun koma gonakin da suka daɗe da bari, kuma ba mai hankalin da zai raina wannan sauƙi. Amma a irin wannan zama jagoran daji yana zuwa da mutanensa da makamansa ya faɗi sharuɗɗansa, ɗan sa-kai kuwa shi ne wanda ake cewa ya ajiye tasa bindigar, ya ci kasuwa ɗaya da mutanen da suka san fuskarsa suka kuma riƙe shi a zuci.

Sana'ar mai tare faɗa ta kusa ɓacewa daga hoki a yau, kuma yadda hakan ta faru shi ne ɓangaren labarin da ya fi amfani gare mu. Ba ƙattin ne suka ci juna da yaƙi har aka sami wanda ya gagari kowa ba. Alƙali ne ya dawo bakin aikinsa. A 1992 aka tsananta horo a kan wanda ya tsokano dambe. Bayan rikicin albashin da ya cinye kakar 2004 zuwa 2005 aka ƙayyade kuɗin da kulob zai kashe, aka kuma matsa wa alƙalai su hukunta riƙo da maƙale ɗan wasa, wasan ya ƙara sauri, ajiye mutumin da ba ya iya komai sai naushi ya zama asara. A 2010 aka haramta bangazar kai, a 2011 aka kafa sashe na musamman mai duba hoton kowane wasa ya dakatar da mai laifi ya ci shi tara ko da alƙalin fili bai gani ba. Zuwa kakar 2018 zuwa 2019 dambe ya ragu zuwa ƙasa da guda a wasa 5, kuma gwanaye ba su ƙare a asibiti ba kamar yadda aka yi ta tsoratarwa. A gasar Olamfik, inda mai dambe korarsa ake yi, dama can ba a ɗaukar mai tare faɗa. Wani abin lura kuma, tun 2017 wanda ke shugabantar sashen ladabtarwar shi ne George Parros, tsohon mai tare faɗa ne da kansa. An ɗauko wanda ya san aikin daga ciki aka sa shi a ƙarƙashin doka, aka ba shi alƙalami.

Ta wannan fuska, rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 da matasa kusan 1,500, wadda jama'a ke kira C-Watch, mataki ne a kan hanya, kuma Zamfara ta bi sahu da Askarawanta a watan Janairun 2024. An ba saurayin ƙauye horo da kaki da albashi da shugaban da zai amsa tambaya a kansa, wato an mayar masa da wani abu na rumfar da mayaƙin Ruma yake da ita. Masu shakka suna cewa mutanen jiya ne aka sauya wa riga, kuma shakkarsu za ta tabbata idan aka tsaya a kan rigar. Abin da ya kashe sana'ar a hoki hukunci ne mai sauri wanda ke hawa kan kowa, saboda haka ma'aunin rundunar shi ne abin da ke faruwa da wanda ta kama: ko yana isa gaban alƙali da rai, ko shari'arsa tana ƙarewa cikin watanni, ko kuma jami'in da ya kashe mutum a kan zato shi ma yana gurfana. Malaman fiƙihu tun da can sun tsayar da cewa ƙisasi hukuma ce ke zartar da shi bayan shaida, ba dangin mamaci ba, kuma dalilinsu shi ne ainihin abin da ya faru a Mamande da Goronyo. Haka nan rundunar da babu ɗan ruga a cikinta, Bafillace mai kiwonsa na halal zai ci gaba da kallonta a matsayin ƙaton ɗaya ɓangaren, ya ga ba shi da mafaka sai wajen ƙaton nasa ɓangaren.

Saura kuma waɗanda rundunar ba ta ɗauka ba, kuma su ne mafi yawa: wanda shekarunsa suka wuce, wanda ba shi da takardar makaranta, wanda harsashi ya riga ya lalata masa ƙafa, da matan da aka bari da marayu. Za a ce jiha ba ta da kuɗin ɗaukar nauyin duk wanda ya taɓa rataya bindigar toka, kuma wasunsu ma tuhuma ta kamace su ba lada ba. Amsar duka biyun tana farawa daga abu ɗaya mai arha, wato rajista. A kowace gunduma ta Batsari da Safana a rubuta wanda ya yi aikin, da shekarun da ya yi, da wanda ya mutu a ciki, da wanda ya nakasa, da yawan 'ya'yan da aka bari, da kuma ƙorafin da wani gida ko wata ruga ke da shi a kan wani. Masu unguwanni da dagatai da limamai sun san waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, aikin bai fi ƙarfin ofishin hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma ba. Daga wannan littafi ne za a iya fitar da wanda za a yi wa magani kyauta, da marayan da za a ɗauke wa kuɗin makaranta, da wanda zama a garinsu ya zame masa haɗari bayan sulhu har sai an sauya masa wuri da jari, da wanda dole ya tsaya gaban alƙali a yi maganar diyya. Tallafin da gwamna ke kaiwa ranar ta'aziyya alheri ne, amma yana ƙarewa da wa'adin mai bayarwa, don haka wajibi ne majalisar dokokin jiha ta mayar da shi haƙƙi a rubuce, da kasonsa a kasafin kuɗin kowace shekara.